Shigar Burtu: Finafinan 'Yan Sandan Ciki da Ra'ayin Masu Sharhi

Maharbi kan yi shigar burtu don ya kusanci naman daji. Haka ma hukumar 'yan sanda kan tuɓe wa jami'inta kayan sarki, ta ba shi sabon suna, ta tura shi cikin miyagu. Masu shirya silima sun daɗe suna cin moriyar irin wannan labari, amma masu sharhi ba su cika yaba wa fim don yawan harbe-harbensa ba. Wanda suke ɗaukakawa shi ne wanda ya nuna abin da aikin ke ci wa mai yinsa.

Misali na farko shi ne Serpico, wanda Sidney Lumet ya shirya a 1973. Labari ne na gaskiya. Frank Serpico ɗan sandan farin kaya ne a birnin New York, wanda ya tarar abokan aikinsa na karɓar cin hanci daga 'yan caca, ya ƙi karɓar rabonsa, ya kai ƙara. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Bayan jarida ta fallasa maganar a 1970, magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin bincike na Knapp. A watan Fabrairu na 1971 aka harbi Serpico a fuska wajen kamen masu fataucin miyagun ƙwayoyi, amma ya rayu har ya ba da shaida. Masu sharhi sun yaba wa Al Pacino, wanda ya fito a matsayinsa, aka kuma sa sunansa cikin takarar lambar Oscar. Waɗansu dai sun yi ƙorafin cewa fim ɗin ya rage ƙoƙarin David Durk, jami'in da ya tsaya tare da Serpico.

A 1997 aka fitar da Donnie Brasco, tarihin Joseph Pistone na hukumar FBI. Daga 1976 zuwa 1981 Pistone ya zauna cikin ƙungiyar Mafiya a matsayin ɓarawon duwatsu masu daraja, shaidarsa kuwa ta sa aka ɗaure mutum fiye da 100. Abin da ya ja hankalin masu sharhi shi ne amincin da ya shiga tsakanin jami'in da tsohon ɗan ta'addar da ya riƙe shi tamkar ɗa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: sannu a hankali maganarsa da ɗabi'unsa suka koma irin nasu, gidansa ya ɗauki hanyar mutuwa, ga shi kuma ya san ranar da asiri ya tonu, ran amininsa na cikin haɗari. A nan masu fim sun ɗan ƙara gishiri, domin Lefty Ruggiero na ainihi kurkuku aka kai shi, ya mutu a 1994. Wanda Mafiya ta kashe a 1981 saboda yarda da Pistone shi ne Dominick Napolitano.

Hong Kong ta faɗaɗa batun a 2002 da Infernal Affairs, inda 'yan sanda ke da mutuminsu cikin miyagu, miyagun ma ke da nasu cikin 'yan sanda, kowanne na farautar ɗan'uwansa. Martin Scorsese ya mai da labarin birnin Boston cikin The Departed a 2006, ya ci lambobin Oscar 4, har da ta gwarzon fim. Duk da haka akwai masu sharhin da suka fifita na asalin, mai minti 101, a kan na Amurka mai minti 151, suna ganin taƙaitawar ta fi fito da tsoro da kaɗaicin mutanen biyu.

Ga ma'aikacin gwamnati, Serpico ne ya fi kusa da gida. Tambayar da fim ɗin ya ajiye tana nan: idan jami'i ya tona asirin ofishinsa, wa zai tsaya masa?