Kratom: Daga Ganyen Manomi Zuwa Ƙwayar Kanti

A kudancin Tailan da arewacin Maleshiya, masu tatsar roba da masunta sun daɗe suna fita aiki da 'yan ganyayyakin wata bishiya a aljihu. Mutum zai zare jijiyar tsakiyar ganyen, ya tauna sauran, ya kora da ruwa, kamar yadda namu ke ɓara goro don korar barci da gajiya. Mutanen Tailan na kiran bishiyar kratom, na Maleshiya kuma ketum. Dangin bishiyar gahawa ce, kuma 'yar uwar giyayyar da ke fitowa a fadamun ƙasar Hausa, ko da yake aikinsu ba ɗaya ba ne. Wani masanin tsirrai ɗan Holan, Pieter Korthals, shi ya fara bayyana ta a kimiyyance a 1839, sunanta na kimiyya kuwa shi ne Mitragyna speciosa.

Yau ganyen ya ƙetare teku. Mafi yawan wanda ake sha a Amurka daga Indonesiya yake zuwa, musamman yankin Kapuas Hulu da ke tsibirin Borniyo. A gidajen mai da shagunan taba da kasuwannin intanet ana sayar da shi gari, da kafso, da ruwa a 'yar kwalba, da alewa mai danƙo, da ƙwaya. Mai saye yakan tsaya yana tambayar wanne ya fi. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: shin duk waɗannan ma abu ɗaya ne? Suna ɗaya aka liƙa musu, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazara mai nisa, kuma a cikin tazarar haɗarin yake.

Ganyen na ɗauke da sinadarai fiye da 40. Babbansu shi ne mitragynine, wanda yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba. Kaɗan daga cikinsa yana wartsakar da jiki. Idan ya yi yawa sai ya kashe zafin ciwo ya kawo kasala, domin yana kama wuraren da mofin da tiramadol ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ƙaninsa da ake kira 7-OH a taƙaice. A ganye ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, wani lokaci da ƙyar ake iya auna shi, amma hanta tana juya wani ɓangare na mitragynine ya koma shi. A gwajin dabbobi an ga ya fi mofin ƙarfi.

Ɗanyen ganye yana da burki a jikinsa. Ɗaci gare shi sosai, kuma wanda ya zarce tashin zuciya zai tsayar da shi. Duk da haka ba a ce ba shi da illa ba. Tun 1975 wani likita a Tailan ya rubuta abin da ya gani a jikin waɗanda suka yi shekaru suna taunawa: rama, bushewar ciki, rashin barci, da duhun fata a kumatu. Idan suka yi ƙoƙarin dainawa sai ciwon gaɓoɓi da yoyon hanci da saurin fushi su taso. Wato ko a mahaifarsa, ganyen yana kama mutum.

Da aka busar da shi aka niƙa, sai burkin ya fara saki. Gari yana shiga ciki da yawa fiye da abin da baki zai iya taunawa, kafso kuwa ya ɓoye ɗacin gaba ɗaya. Ga kuma matsalar tsafta. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 199 a jihohi 41 da suka kamu da ƙwayar cutar salmonela ta hanyar kayan kratom. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta kuma gano dalma da nikel a wasu samfura fiye da abin da jiki zai jure a kullum. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

A nan ne 'yan kasuwa ke ɗauke hankalin mutane da launi. Suna cewa akwai mai jan jijiya don barci, mai fari don kuzari, mai kore don tsaka-tsaki, suna kuma raɗa sunaye irin su Bali da Maeng Da. Masu binciken da suka auna waɗannan kayayyaki ba su sami bambancin sinadari da zai gaskata wannan rabe-raben ba. Launin garin ya fi dogara ga yadda aka shanya ganyen, a rana ko a inuwa, ko an rufe shi a buhu ya ɗan rube. Jaka biyu masu suna ɗaya na iya bambanta da juna fiye da ja da fari. Ina jin takaicin yadda mutum zai ɓata lokacinsa kan zaɓen launi, alhali abin da zai iya kai shi asibiti yana can a wani ɓangaren kantar.

Wannan ɓangaren shi ne na tataccen ruwa da ƙwayoyi. Ana jiƙa ganye mai yawa a tsamo sinadarinsa, a tattara shi a 'yar kwalbar da ake shanyewa a kurɓi ɗaya ko biyu. Babu ɗaci mai tsayar da mutum, yana hawa kai da sauri, jiki kuma yana saurin sabawa har ya nemi ƙari. Sama da wannan akwai ƙwayoyi da alewar 7-OH, waɗanda ake samarwa ta hanyar juya mitragynine da sinadarai a masana'anta. Kiran irin wannan “ganyen gargajiya” yaudara ce, domin babu wata bishiya a Borniyo da ke fitar da shi a wannan ƙarfi. A watan Yulin 2025 FDA ta nemi a saka 7-OH cikin jerin miyagun ƙwayoyi, ta kuma fayyace cewa ba ganyen take nufi ba, tataccen take nufi.

Sai batun gauraye, wanda shi ya fi kashe mutane. CDC ta duba mace-macen da shan ƙwaya ya haddasa daga Yulin 2016 zuwa Disambar 2017, ta sami kratom a jinin mutum 152. Kusan dukkansu akwai wani abin kuma a jikinsu, mafi yawa fentanil. A Suwidin an danganta mutuwar mutum 9 da wani haɗi mai suna Krypton, wanda aka cakuɗa garin kratom da wani sinadari ɗan gidan tiramadol ba tare da masu sha sun sani ba. A kudancin Tailan kuwa samari na dafa ganyen su haɗa da lemon kwalba da maganin tari, suna kiransa 4x100. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa samari da 'yan mata a Kano da Jigawa, har gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, mun san inda irin wannan haɗi ke kaiwa. Ƙari a kan haka, kratom na rage saurin da hanta ke narkar da wasu magunguna, don haka maganin asibiti na yau da kullum zai iya taruwa a jini ya wuce kima.

Dokoki ma sun rarrabu. Tailan ta haramta shuka bishiyar a 1943, a lokacin da gwamnati ke samun haraji daga ofiyom kuma mutane ke komawa ga ganyen da ba ya biyan kowa. Ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2021. Maleshiya har yanzu tana hukunta masu sarrafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba shi a 2021, ta bar shi cikin abubuwan da ake sa wa ido. Ita FDA ba ta amince da kratom a matsayin maganin kowace cuta ba, ta kowace siga.

Da yawa daga masu shan sa a Amurka mutane ne masu ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko masu neman kuɓuta daga ƙwayoyin kashe zafi, kuma bai dace a yi musu kallon 'yan maye kawai ba. Sai dai likitocin can yanzu suna karɓar waɗanda suka kasa rabuwa da tataccen, suna yi musu magani da buprenorphine, irin wanda ake bai wa masu fama da hiroyin. An kuma sami jariran da iyayensu mata suka sha kratom da ciki, aka haife su suna karkarwa da kuka ba tsayawa, har sai da aka riƙa ba su mofin kaɗan-kaɗan a asibiti kafin jikinsu ya saki.