Ƙaramin Kibod: Wanne Ya Dace da Teburinka?

A shagon buga takardu irin na unguwar Madaki a Gombe, teburi ɗaya ke ɗauke da kwamfuta da firinta da tarin fayil. Kibod mai maɓalli 104 kan cinye rabin wurin, shi ya sa ƙanana ke jan hankali.

Sai dai ƙanƙanta na da farashi. Mai maɓalli 87 lambobin gefen dama kawai ya zubar. Mai 61 kuwa har kibiyoyi babu, sai an haɗa maɓalli biyu. Wanda ke wuni yana shigar da makin ɗalibai a Excel zai sha wuya da shi. Ga marubuci, mai 68 ya fi dacewa, tunda kibiyoyinsa na nan.

A kibod irin na makanikal, ƙarƙashin kowane maɓalli akwai makunninsa daban. A samfurin kamfanin Cherry na Jamus, shuɗi na ƙara ƙwas-ƙwas, ja kuma laushi gare shi, ba ya damun na kusa.

Ƙurar hunturu ma abin dubawa ce. Gara a sayi wanda ake zare makunni a sauya ba tare da narka dalma ba, domin in ɗaya ya cije, shi kaɗai za a canza.