Mutuwar Fuju'a A Gabi: Wa Ke Da Alhakin Bincike Kafin A Kai Mamaci Makwancinsa?

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Gabi da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, ya san cewa mutanenta ba sa zama wuri ɗaya. Yau ɗan kasuwa yana Maraɗi, gobe yana Ɗan Isa, jibi ya tsallaka Jibiya ta jihar Katsina, mata kuma suna bin kasuwannin ƙauye da ƙwaryarsu a ka. To, mai yawan tafiya ba ya sanin inda ajali zai riske shi. Wani a kan babur, wani a Gulbin Gabi lokacin da ruwa ya kawo, wani kuma a hanyar dajin Baban Rafi inda 'yan bindiga suka addabi jama'a shekara da shekaru.

Idan irin wannan ta faru, abin da muka saba yi shi ne mu ɗauko gawa, a yi mata wanka, a sallace ta, a kai ta makwanci kafin rana ta faɗi. Gaggauta jana'iza koyarwar addini ce, babu mai ja da haka. Amma akwai mutuwar da idan aka rufe ta ba tare da hukuma ta gani ba, an bar wa iyalin mamacin rigimar da za ta daɗe ba ta kwanta ba, kuma galibi mata ne ke ɗaukar nauyinta.

Mu ɗauka magidanci ya dawo daga kasuwa lafiya lau, ya ci tuwo, ya kwanta, bai tashi ba. Kafin sadakar uku za a fara raɗe-raɗin cewa amarya ce ta zuba masa wani abu, ko uwargida ce ta yi masa sammu, ko tsohuwar nan mai sayar da daddawa ce ta kama masa kurwa. Alhali kuwa mai yiwuwa hawan jini ne ko ciwon zuciya, wanda da likita ya duba da ya faɗa. Tunda ba a duba ba, sai tsegumi ya zama alƙali, mace ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma ana nuna ta da baki, ta fita takaba kuma ta tarar masu sayen kayanta sun watse.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara

Turawan Ingila sun daɗe da ware ma'aikaci na musamman domin wannan aiki, tun shekarar 1194 zamanin Sarki Richard na ɗaya. Suna kiransa korona, amma kada mai karatu ya haɗa shi da cutar nan da ta rufe kasuwanni a 2020. A Hausance sai mu ce alƙalin binciken mutuwa. Aikinsa shi ne amsa tambayoyi huɗu: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, a ina, kuma ta yaya. Ba ya ɗaure kowa, wannan aikin kotun laifuka ne. A Amurka, ƙananan hukumomi da dama zaɓensa suke yi da ƙuri'a.

Najeriya ta gaji wannan tsari daga Ingila, inda alƙalan majistare ke riƙe aikin. Jihar Legas ta yi sabuwar doka a kansa a 2007, kuma da ita aka yi amfani lokacin da masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufta a watan Satumba na 2014, mutum 116 suka rasu. Alƙalin ya saurari shaidu a bainar jama'a, ya ba da sakamako a watan Yuli na 2015, ya ɗora alhakin a kan rashin ingancin ginin. Don haka ɗan kasuwar Gabi da ɗan'uwansa ya rasu ta hanyar da ba a gane ba a Jibiya ko Katsina, ya san cewa 'yan sanda da majistare ne za su riƙe maganar.

A Nijar fa?

Nijar tsarin Faransa ta gada, saboda haka babu wani mutum guda mai wannan muƙami. An raba aikin ne tsakanin mutum uku: jandarma ko ɗan sanda mai ikon bincike, likita, da alƙali mai shigar da ƙara da sunan gwamnati. A karkara kamar Gabi jandarmomi ne a gaba, a cikin birnin Maraɗi kuma 'yan sanda.

Dokar bin bahasin laifuka ta ƙasar, wadda asalinta na 1961 ne, ta tanadi cewa idan aka tsinci gawa ba a san dalilin mutuwar ba, ko akwai shakku a ciki, jami'in da aka sanar zai gaya wa mai shigar da ƙara nan take, sannan ya je wurin ya ga abin da idonsa. Zai rubuta yadda ya tarar da gawar, ya tambayi waɗanda suka fara ganinta, ya tantance sunan mamacin da garinsu. Daga nan sai a nemi likita a rubuce ya duba, ya faɗi abin da ya gani. Mai shigar da ƙara ne zai ce a miƙa gawa ga dangi, ko kuma a zurfafa bincike idan akwai alamar hannun wani.

Abin da ke tsorata mutanenmu shi ne kada a feɗe musu ɗan'uwa. Gaskiyar magana ita ce akasari duba jiki kawai likita ke yi: rauni, karaya, shatin igiya a wuya, alamar ruwa ko ƙuna. Feɗewa sai in ta kama dole. Ko ita ɗin ma malamai sun yi magana a kanta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta feɗe gawa idan alƙali na buƙatar sanin dalilin mutuwa a shari'ar kisa, ko domin gano cutar da za a kare jama'a daga gare ta.

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan haƙar zinari sun rufta a Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu. Wurin ya tara baƙi daga garuruwa daban-daban, kuma a irin wannan rana tambayar farko ita ce, wannan ɗan wane gari ne? Wanda ba ya ɗauke da katin shaida, sai ya zama an rufe shi matarsa na can tana jiran dawowarsa, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba. Shi ya sa muke jan hankalin fatake da kada su fita ba takardar shaida da lambar wayar wani na gida a aljihu.

Takardar mutuwa

Bayan jana'iza akwai sauran aiki, wato sanar da rasuwar a ma'aikatar magajin gari, ko a asibiti ko wajen maigari inda aka ajiye littafin rajista. Dokar 2019 ta ba da kwana 60, kuma sanarwar kyauta ce. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai ya je kotu da shaidu ya nemi hukuncin alƙali, ga kuɗin mota zuwa Madarunfa, ga asarar ranar kasuwa.

Wannan takarda ita ce mabuɗin komai. Banki ba zai saki kuɗin mamaci ba sai da ita, haka fansho, haka takardar gado da ake yi a kotu. Idan haɗarin mota ne, kamfanin inshora zai nemi rahoton jandarma da na likita kafin ya yi maganar diyya. Sau da yawa mace na ji tana gani jarin mijinta ya maƙale, marayu na kuka, masu bin bashi na sallama a ƙofa, duk saboda takarda guda da ba a nema ba.

Abin da ya kamata a yi

Idan aka tsinci gawa a daji, a rijiya, a gulbi ko a rumfar kasuwa, ko mutum ya rasu da rauni a jikinsa, kada a ɗaga shi, kada a yi masa wanka, kada a wanke wurin. A lulluɓe shi domin sutura, a hana yara da masu ɗaukar hoto da waya matsowa. A sanar da maigari ko sarkin kasuwa, su kuma su kira jandarma. Ragowar abinci, magani, igiya ko tufafin da ke wurin a bar su yadda suke. Wanda ya ga abin da ya faru ya daure ya ba da shaida, domin gudun zuwa gaban hukuma shi ke sa jinin bayin Allah tafiya a banza. Kuma a sani ɓoye gawar wanda aka kashe laifi ne a doka.

Su ma hukumomi muna kira gare su da su riƙa hanzarta zuwa idan an kira su. A zafin bazara, inda babu ɗakin sanyi, ba za a ce wa dangi su zauna da gawa wuni da kwana ba. In jami'i ya zo da wuri, jama'a ba za su ji ƙyashin jira ba.

Jiran awa biyu ko uku bai hana mamaci samun sallah da sutura, amma yana iya wanke baiwar Allah daga zargin da ba ta ji ba ta gani ba, ya kuma tsare wa marayu haƙƙinsu. Allah Ya kare mu daga mummunar ƙaddara, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.