A Riƙa Shawartar Ɗalibai Kafin A Sayi Littattafai

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani tun da aka ba ni aikin kula da laburaren makarantarmu. Littafin lissafin da kowa ke nema kwafi biyu ne tak, kullum ana rigima a kansu, har bangonsu ya yage. Ga kuma kanta guda cike da manyan littattafai, ba mai taɓa su sai ƙura da gara. Da na ba yayana da ke jami'a labari, sai ya ce su ma sukan ga haka.

To, yaya ake zaɓen littattafai a jami'a? Galibi malaman kowane sashe ke rubuta sunayen waɗanda suke so. Ma'aikatan laburare su duba, su auna da kuɗin da ke hannu, sa'an nan su yi oda. Ɗalibin da aka yi sayayyar dominsa kuwa, sai dai ya tarar da su a kanta. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malami ya san littafin da ya fi zurfin ilmi, amma ɗalibi ne ya san wanda bayaninsa ke shiga kai, da wanda ake wawaso in jarrabawa ta matso.

Gyaran ba wuya. A ajiye akwati a bakin ƙofa, kowa ya jefa sunan littafin da ya nema ya rasa. A ba wakilin ɗalibai kujera a kwamitin laburare. A kuma riƙa duba rajistar aro, a ƙaro kwafin wanda aka fi ara. A wasu jami'o'in Ingila da Amurka ma, akwai littattafan kwamfuta da ba a biyan kuɗinsu sai ɗalibai sun buɗe sun karanta.

Ban ce a sakar mana ragama ba, don in an bar mu, littattafan hira za mu cika wurin da su. Hukunci na malamai ne, mu dai a ji ta bakinmu. Tun 1931 wani masani ɗan Indiya, Ranganathan, ya nuna cewa amfanin littafi a karanta shi ne.

Waɗansunmu nan gaba kaɗan za su shiga babban laburare irin na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya kamata mu fara koyon ba da shawara tun daga nan. Ni kam na nemi izinin firinsifal, na ajiye namu akwatin. Allah ya sa mu dace, amin.