Dalilin tantance hanyoyin sadarwa kafin sauya katin uwar garke

Sauya katin sadarwa na uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, aiki ne na 'yan mintoci. Amma yana iya tsayar da biyan albashi na tsawon yini, matuƙar ba a san abubuwan da suka dogara da katin ba.

Tushen matsalar shi ne lambar MAC. Kowane kati yana fitowa daga masana'anta da tasa lambar mai haruffa da alƙaluma 12, kuma sabon kati ba ya gadon lambar tsoho. Tsarin DHCP, mai raba adireshin IP, yakan keɓe wa uwar garke adireshi bisa wannan lamba. Da zarar ta canza, sai a ba ta wani adireshin, masu nemanta su rasa inda take. Akwai kuma manhajojin da lasisinsu ke ɗaure da lambar, da na'urorin haɗa layuka da ke toshe baƙuwar lamba.

Saboda haka injiniyoyi kan fara da ƙidaya. A Windows, umarnin ipconfig /all yana nuna lamba da adireshin kowane kati, netstat kuma yana lissafa haɗin da ke buɗe. A Linux ana amfani da ip da ss.

Abin da aka fi mantawa shi ne kwamfutocin da VMware ko Hyper-V ke gudanarwa a cikin uwar garken, domin kati ɗaya na iya ɗauke da zirga-zirgarsu duka. Haka ma kwafin bayanan da ake turawa ma'ajiya da dare, wanda binciken rana ba zai nuna shi ba.