Kukan Kwamfuta Ma Jawabi Ne

Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. A ganina wannan karin magana ya dace da kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗalibai da ma'aikata da masu buga takardu ke dogaro da ita a nan Arkilla. Da yawanmu gwanjo muke saye, ƙirar HP ko Dell da ta yi ƙuruciyarta a ƙasashen sanyi kafin ta sauka birnin Shehu, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ba ta neman izinin shiga.

Abin da na lura da shi shi ne, ƙarar da ta fi tayar wa mutane hankali ita ce mafi sauƙin sha'ani. Idan fanka ta ɗauki huci kamar iskar hadari, aikinta take yi, wato fitar da zafi daga ƙwaƙwalwar na'urar. Sau da yawa ƙura ce ta toshe ramukan da iska ke fita, ko kuma an ɗora kwamfutar bisa katifa ko darduma, an danne mata hanci. Wani lokaci kuma wata manhaja ce ke cin ƙarfinta a ɓoye. Mai amfani da Windows zai iya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ya ga wadda ke wahalar da ita. In kuwa hucin ya koma gurnani ko karkarwa, to gindin fankar ya ci, kuma sauya ta bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta ko kusa ba.

Abin tsoro guda biyu ne. Na farko, shiru. Kwamfuta ta yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya, amma ba a jin motsin fanka. Irin wannan takan fara nawa, daga baya ta riƙa kashe kanta idan zafin cikinta ya doshi digiri 100. Na biyu, wani ɗan ƙas-ƙas mai maimaituwa daga tsohon faifan ajiya, wanda ke juyawa sau 5,400 a minti guda a yawancin irin waɗannan na'urori. Wannan sauti sallama ce faifan yake yi. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kundin bincikensa ke ciki, ya ajiye komai ya kwashe aikinsa zuwa filashi tun a ranar, kafin ma ya nemi mai gyara. Ana sayen fanka a kasuwa, amma wahalar shekara guda ba a sayenta. Sabon ma'aji na SSD ba shi da abin da ke juyawa, don haka ba ya wannan kuka.

Kirana ga masu gyara shi ne su riƙa kunna na'ura a gaban mai ita, su saurara tare, kafin a ambaci kuɗi. Mu kuma masu ita, mu riƙa ɗora ta a kan tebur, mu rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta, mu kai a share mata ƙura da zarar hunturu ya wuce, tun bazara ba ta kankama ba. Rigakafi dai ya fi magani.