ROMON NAMA GA MUSSA MAI CIWON SUKARI

Ƴan'uwa makiyaya da manoma na Ɗan Gulbi da kewaye, maganarmu ta yau ba ta shanu ba ce. Ta mussa ce, wato kyanwa, mai tsaron rumbu. Kada ku ɗauke ta wasa. Gidan da mussa ta mutu bayan girbi, kusu ne ke raba hatsi da maigida har faɗuwar damina.

Mafarin ciwon

Mussa ba kamar kare take ba. Abincinta na asali nama ne: kusu, ƙadangare, tsuntsu da fara. Jikinta bai iya da gari mai yawa. Wadda ta bar farauta, ta zauna gida tana lasar hura da tuwo har ta yi ƙiba, ita ce ciwon sukari ya fi kamawa, balle in ta manyanta. Muzuru kuma ya fi macen kamuwa.

Alamomi

Mussa mai kilo 4 tana buƙatar ruwa wajen mililita 200 a yini, wato kashi 1 cikin 5 na lita. In ka ga naka tana shan abin da ya zarce haka nesa, tana yawan fitsari, tana ci amma tana ramewa, to ka sa ido. Wani lokaci tururuwa kan taru a kan fitsarin. In ciwon ya jima, ƙafafun baya kan yi sanyi, ta dinga taka ƙasa da diddige. Amma ciwon ƙoda ma yana kawo ƙishirwa da rama. Don haka ka kai ta wurin ma'aikacin dabbobi, ko a nan ko a Dakoro, a auna fitsarinta.

Yadda ake romon

1. Ranar kasuwa ka karɓi ƙafafun akuya, ko wuya da ƙafafun kaza, da ɗan tsoka. Banda mushe.
2. A zuba lita 1 na ruwa mai tsabta cikin tukunya, a dafa da ƙaramar wuta awa 2 zuwa 3.
3. A tace, a fidda ƙashi duka. Dafaffen ƙashi yana tsagewa, yana iya huda hanji.
4. A kwashe man da ya taso sama, a daka naman a turmi, a mayar cikin romon.
5. A bari ya huce. Zai yi kauri da kansa saboda jijiyar ƙafa. Ba a ɗaure shi da garin hatsi, ko na dawa, ko na rogo.

Uwargida, ga wurin da za ki kula: a ɗebi rabon mussa tun kafin kayan miya su shiga tukunya. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mussa, ko da an dafa su. Gishiri, Maggi, kanwa da tonka su ma babu su.

A ba ta sau 2 a yini, safe da marece, a ajiye mata ruwan sha kusa. Da zafin nan namu romo bai kwana, wanda ya saura a zubar. Ranar da babu nama, dafaffen ƙwai ya isa. Hanta kuwa ɗan yanki kawai, sau 1 a mako. Ɗanyar madara tana sa babbar mussa zawo.

Gargaɗi

Romo abinci ne, ba magani ba ne. In ciwon ya yi ƙarfi sai da allurar insulin, ita kuwa likitan dabbobi ne ke ƙayyade ta, kuma tana son ajiya wuri mai sanyi. Kada ku ba mussa farasitamol, ƙwaya 1 tana iya kashe ta. In ta yi kwana 2 ba ta ci komi ba, kada ku jira na uku, hantarta na cikin haɗari.

Wanda mussarsa ke lafiya kuwa, ya rage mata hura, ya bar ta ta kwana bakin rumbu. Can abincinta yake, can aikinta yake.